Ruwan nitirat na azurfa ya yi baƙi, me ya jawo?

Ɗalibi daga Birni:
Salamu alaikum malamai. An haɗa ruwan nitirat na azurfa don gwada gishiri a ruwan rijiya, nan take ya yi fari kamar nono, washegari kuma ya yi baƙi. Ina matsalar?

Malamin kimiyya, Zango:
Wa alaikumus salam. Da ruwan famfo aka haɗa, ko? Akwai kolorid a cikinsa, sinadarin da ke cikin gishiri, shi ya kama azurfar ya zama kolorid na azurfa (AgCl), wato farin nan. Haske kuma ya rarraba shi, azurfa tsagwaronta ta fito baƙa. Da haka ake ɗaukar hoto a da. Sake haɗawa da tataccen ruwa marar kolorid (distilled water): giram 1,7 na nitirat ɗin cikin mililita 100, kusan 0,1 mol a lita kenan. A zuba a kwalba mai launin ruwan ƙasa, a ɓoye a kabad.

Hajiya, ɗakin gwaji:
Ƙanena, kafin ka ɗiga ruwan nitirat ɗin, fara sa ɗigo kaɗan na asid nitirik da aka sirka da ruwa a mililita 5 na ruwan rijiyar. Ruwa mai kanwa yana da kabonat, shi ma yana yin gudaji ya ruɗe ka. Gudajin kolorid fari ne, yana narkewa a amoniya da aka sirka da ruwa. Na iyodid, wani sinadari ɗan'uwan kolorid, rawaya ne, ba ya narkewa. Amma kada a ajiye cakuɗin azurfa da amoniya ya kwana, yana iya fashewa. A zuba masa asid nan take.

Malamin kimiyya:
Gaskiya ne Hajiya. Ɗalibin ya kuma sa safar hannu, tabon nitirat na azurfa a yatsa sabulu ba ya fitar da shi, sai fata ta sake.