Murya tana riga baki a bidiyon da aka ɗauka da waya, ina matsalar take?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hira ce ta minti 25, hoto da waya, murya kuma da rikoda daban. Da farko komai daidai, amma kafin a kai minti 15 murya ta riga baki da kusan daƙiƙa ɗaya. In na gyara ƙarshen sai farkon ya ɓaci. Laifin manhajar tacewa ne ko na waya?

Mai Almakashi:
Wa alaikumus salam. Tunda tazarar a hankali take ƙaruwa, daga waya za ka fara bincike. Ko ka saita ta a firam 30 cikin daƙiƙa, wato hotuna 30 da take ɗauka a kowace daƙiƙa, yawancin wayoyi ba sa tsayawa a nan. Haske ya ragu ko waya ta ɗau zafi, sai adadin ya sauka, can ya sake hawa. Wasu manhajojin tacewa kuwa 30 cif suke lissafawa, sai hoto ya riƙa zamewa daga murya.

Buɗe fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo, ka duba layin Frame rate mode. In ka ga Variable, wato adadin firam yana canzawa, to ga ɓarawon. Saka fayil ɗin a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a shafin Video ka zaɓi H.264, firam 30, ka danna Constant Framerate don adadin firam ya tsaya cak, RF kuma, wato ma'aunin ingancin hoto, ka sa shi a 18. Ƙaramar lamba ta fi inganci, sai dai fayil ya fi nauyi. Da sabon fayil ɗin za ka yi aiki, amma kada ka goge na asali.

Kunnen Sauti:
Gaskiyar Mai Almakashi ce, sai dai ko an gyara wannan, tazara kan ɗan rage, domin agogon cikin rikoda da na waya ba sa tafiya daidai wa daida. Maganinsa ka tafa hannu sau biyu: ɗaya a farkon ɗauka, ɗaya a ƙarshe kafin a kashe na'urorin. Daidaita na farko a kan tsinin da ya fito a zanen sauti, sannan ka auna bambancin na ƙarshe. Daƙiƙa 1 cikin minti 15 kashi 0.11 ne cikin ɗari, wato ka mayar da gudun muryar kashi 99.89 cikin ɗari, kunne ba zai ji ba. In ba a yi tafi ba, nemi harafin b ko m inda leɓe ke haɗuwa. Kuma kada ka cire muryar da wayar ta ɗauka sai ka gama, ita ce ma'auninka. Gaba ka saita ma'aunin ɗaukar sauti (sample rate) na rikoda a 48 kHz.

Hajiyar Editin:
Ɗan'uwa, da wane abin kunne kake saurare? Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka yi ta gyara abin da lafiyarsa lau. Sa mai igiya. In kuma manhajar tacewa ta DaVinci Resolve kake amfani da ita, saita firam 30 tun kafin ka shigo da bidiyon, don da zarar ya shiga, wurin saitin kullewa yake yi.