Wai 'yata rabi ce: rigimar da ta tashi a kan asalin Japanawa

Baban Hanan, Fukuoka:
Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake tun jiya, gara in fitar da abin da ke cikina. Hanan ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba, tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a baya ta ce, "Baba, wai ni rabi ce?" Wata 'yar ajinsu ce ta kira ta hafu, ta ce ita ba cikakkiyar Bajapaniya ba ce. Yarinyar da aka haifa a garin nan, uwarta 'yar garin nan, Hausar ma da ƙyar take haɗa magana biyu. Yau da safe na ɗauke ta muka tafi Itazuke, nan kusa da filin jirgi, inda aka tono ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyukan noman shinkafa na ƙasar nan. Na nuna mata ramin da aka haƙa ya kewaye ƙauyen, da 'yar wuƙar dutse mai huda biyu da suke yanke kan shinkafa da ita. Na ce mata waɗanda suka kawo wannan noman ta teku suka tsallako daga zirin Koriya, kusan shekara 3,000 da suka wuce. Sun tarar da mutanen Jomon, masu farauta da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itace, suka yi auratayya. Na ce mata duk Bajapanen da kika gani ruwa biyu ne, har da uwar yarinyar da ta gaya miki magana. Masu cewa jininsu ɗaya tun fil azal ba su san tarihin kansu ba.

Anti Rabi, Nagoya:
Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, ya raya mana Hanan. Amma Baban Hanan, ka janye kalmar nan ta ruwa biyu. Abin da aka yi wa 'yarka ya ƙona maka rai, shi ne ka juyo ka yi wa mutum sama da miliyan 120, ciki har da matarka da surukanka.

Baban Hanan:
Anti, ruwa biyu ba zagi ba ne. Bayani ne.

Anti Rabi:
To hafu ma masu faɗinsa haka suke cewa, wai bayani ne. Ni na raini yara uku a ƙasar nan, na san yadda bayani yake sa yaro ya ƙi cin abincin dare.

Sagir, Daegu:
Ni matsalata da kalmar daban ce. Ruwa biyu ai yana nuna rabi da rabi ne, alhali ruwan Koriya ya shanye ɗayan. Ku je Busan a nan Koriya ranar da gari ya yi garau, da ido za ku hango tsibirin Tsushima na Japan, kilomita 50 ne kacal. Shinkafa, ƙarfe, tagulla, dawaki, duk ta nan suka bi. Sarkinsu na wancan lokacin, Akihito, da bakinsa ya faɗa a watan Disamba na 2001 cewa mahaifiyar Sarki Kanmu na Japan daga zuriyar Sarki Muryeong na Baekje, wata tsohuwar daular Koriya, ta fito, kuma a tsohon littafin tarihinsu abin yake a rubuce. Me ya rage kuma?

Malam Ɗanladi, Osaka:
Sagir, shekara uku ka yi a Koriya har ka fara yi musu yaƙi? Mace ɗaya a gidan sarauta, shekara 1,200 da suka wuce, ita ce za ta mayar da al'umma guda ta zama ta wasu? Tukwanen da aka tono a Odai Yamamoto a jihar Aomori sun haura shekara 16,000, suna cikin mafiya tsufa a duniya. A Sannai-Maruyama mutane sun zauna wuri guda fiye da shekara 1,000, da manyan gidaje na katako, ba su jira shinkafar kowa ba. Waɗannan su ne tushen Japan. Wanda ya zo daga baya baƙo ne da aka karɓa.

Dakta Larai, Sapporo:
Ku yi haƙuri in sa baki, don wannan ya shafi abin da nake karantawa. Maganar ruwa biyu Kazuro Hanihara ne ya tsara ta a 1991, daga awon ƙasusuwa da haƙora: Jomon a ƙasa, mutanen Yayoi masu noman shinkafa a sama. A 2021 wasu masana daga Japan da Dublin suka fitar da bincike a kan ƙwayoyin halittar tsofaffin ƙasusuwa 12, suka ce zubi uku ne. Na farko Jomon, na biyu mutanen arewa maso gabashin Asiya da suka zo da noma, na uku wani babban kwararo daga gabashin Asiya a zamanin Kofun, wato daga ƙarni na 3 zuwa na 7, lokacin da ake gina manyan kaburburan nan masu siffar ramin makulli. A lissafinsu Bajapanen yau kashi 13 cikin 100 ne Jomon, kashi 16 zubi na biyu, kashi 71 zubi na uku. Ƙasusuwan zamanin Kofun uku ne kawai a binciken, shi ya sa har yanzu ana ja-in-ja a kansa. Malam Ɗanladi, tushen da kake magana shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Sagir, kai kuma a wancan lokacin babu wata ƙasa mai suna Koriya.

Sagir:
To ashe ruwa uku ne. Baban Hanan ka gyara.

Mukhtar, Nanjing:
Madalla da Dakta. Kashi 71 ɗin nan ai da Sinawan Han ya fi kama, ba ki ƙarasa ba. Nan kowane ɗan makaranta ya san labarin Xu Fu, wanda Sarkin Sin Qin Shi Huang ya aika neman maganin hana mutuwa da samari da 'yan mata 3,000, ya tafi gabas bai dawo ba. Japanawa da kansu suna da kabarinsa a Shingu, jihar Wakayama, Jofuku suke kiransa. Ni na yarda da wannan labarin ɗari bisa ɗari.

Dakta Larai:
Mukhtar, littafin tarihin da ya kawo labarin bai ambaci Japan ba. Tafiyar kuma wajejen shekara ta 210 kafin Miladiyya ce, lokacin an daɗe ana girbin shinkafa a Kyushu.

Sagir:
Ko daga Sin suka taso, ta ina suka bi? Tashi sama suka yi? Ta Koriya suka bi, suka zauna, suka hayayyafa, sannan suka tsallaka.

Mukhtar:
Wanda ya yada zango a gidanka a kan hanyarsa ya zama ɗanka ke nan? Rubutun da suke yi har gobe na wa ne? Hatimin zinaren da aka ba wani sarkin Kyushu a shekara ta 57 Miladiyya, wanda aka tsinta a Shikanoshima a 1784, daga fadar wa ya fito? Baban Hanan, yana nan gidan tarihin garinku, ka je ka gani.

Baban Hanan:
Na gan shi, bai kai akwatin ashana ba. Amma jama'a ni fa maganar 'yata na kawo.

Auwalu, Saitama:
Duk kun bar babbar magana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan Japan suna ɗauke da layin uba da ake kira D, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a Koriya da yawancin Sin, sai a Tibet da tsibiran Andaman ake samunsa da yawa. A 2019 aka gano wani tsohon reshe na wannan layin, D0, a jikin maza uku 'yan Najeriya. Ni tun da na ji haka nake kallon mutanen nan a matsayin dangi. Hanan ba rabi ba ce, gida ta dawo.

Dakta Larai:
Binciken gaskiya ne, amma rassan sun rabu kusan shekara 70,000 da suka wuce. In da wannan ma'aunin ne, duk wanda ke wajen Afirka danginmu ne, don daga can kowa ya fito.

Auwalu:
Dangi na nesa ma dangi ne, Dakta. Ni ban ga abin musu a nan ba.

Anti Rabi:
Ku dawo kan kalmar, don har yanzu bai janye ba. A Hausa ruwa biyu shi ne wanda uwa daban uba daban, yana iya nuna maka dangin nan da dangin can. Wanda aka gauraya kakanninsa tun kaka ɗari da suka wuce ba a ce masa ruwa biyu. Wane dangin Jomon surukarka za ta kai ka ka gaisar?

Auwalu:
Anti, a wajenmu ruwa biyu har wanda aljanu suka taɓa ake ce wa.

Anti Rabi:
Ka ji ko? Kalmar da ke da wannan fuskar ita za ka koya wa yarinya 'yar shekara takwas ta je ta maimaita a aji?

Sagir:
Gara ruwa biyu da barbarar yanyawa dai.

Malam Ɗanladi:
Sagir, na goge saƙonka na biyu, kada ka sake. Akwai matan 'yan'uwanmu Japanawa da ke jin Hausa a cikinmu.

Dakta Larai:
Akwai waɗanda ba wanda ya ambata, kuma su abin ya fi shafa. Matar Jomon da aka tono a Funadomari, tsibirin Rebun, mai shekara kusan 3,800, da aka karanta ƙwayoyin halittarta a 2019 an ga 'yan ƙabilar Ainu na Hokkaido sun gaji kusan kashi 70 cikin 100 daga irin mutanenta, mutanen Okinawa kusan kashi 30, sauran Japanawa wajen kashi 10. Wato waɗanda suka fi kowa jinin 'yan asali su aka fi wulaƙantawa. Dokar 1899 "tsofaffin 'yan ƙasa" ta kira su, an hana su kamun kifin da suka gada, harshensu ya kusa mutuwa. A 1986 Firayim Minista Nakasone ya ce Japan ƙasar ƙabila ɗaya ce, suna zaune suna ji. Sai a 2019 doka ta amince su 'yan asalin ƙasa ne. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da muke haɗuwa a wurin sayen kayan miya. Sai da muka shekara biyu muna gaisawa ta gaya min, da murya ƙasa-ƙasa, cewa kakarta tana da zanen shuni a kewayen baki irin na matan Ainu, kuma har ta rasu ba ta fita sai ta rufe bakin da ƙyalle. 'Ya'yan tsohuwar nan ba su sani ba sai da suka girma. Duk lokacin da na ji an ce jini ɗaya, ita nake tunawa.

Malam Ɗanladi:
Dakta, wannan siyasa ce. Gwamnati ta gina musu Upopoy a Shiraoi a 2020, katafaren gidan tarihi, na je da iyalina. Wace ƙasa ce ba ta da tabo a tarihinta? Shekarata 24 a nan, ba wanda ya taɓa cin kuɗina ko na yen ɗaya.

Sagir:
Ai shi ya sa. Mai loda kwantenar kayan gyaran mota duk wata ba zai ga laifin masu gida ba. Ka tambayi Koriyawan Osaka da kakanninsu suka zo tsakanin 1910 da 1945, an haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, da yawansu har yau da sunan Japanawa suke neman aiki.

Malam Ɗanladi:
Sana'ata halal ce, kuma da ita na saya wa wasu tikitin zuwa karatu, sun san kansu. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Mukhtar:
Malam, a yi haƙuri. Sagir, ka ba shi haƙuri, ya haife ka.

Sagir:
Na ba shi haƙuri a kan sana'a. A kan Baekje ban janye ba.

Malam Ɗanladi:
To, a matsayina na mai kula da zauren nan zan rufe maganar, ga abin da aka tsayar. An yarda cewa mutanen Jomon su ne tushen Japan, kuma sun riga kowa wayewa a yankin, shaidar tukwanensu na shekara 16,000. An yarda wasu baƙi sun shigo daga baya sun narke a cikinsu, amma Dakta da kanta ta ce ƙasusuwa uku ne kawai, don haka alƙaluman nan ba abin dogaro ba ne. Labarin Koriya da na Sin duk son zuciya ne na masu karatu a can. Kalmar ruwa biyu ba ta dace ba, kamar yadda Anti Rabi ta nuna, muna roƙon Baban Hanan ya daina amfani da ita. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, mu kama bakinmu. Allah ya sa mu dace.

Dakta Larai:
Malam, ban ce ba abin dogaro ba ne. Ƙanƙantar kason Jomon bincike da yawa sun tabbatar da ita, zubi na ukun ne ake gardama a kai. Kuma ka tsallake Ainu gaba ɗaya.

Baban Hanan:
Ranar Litinin zan je in ga malamar ajinsu, maman Hanan ta ce za ta raka ni. Anti Rabi, lokacin da aka yi wa babban ɗanki irin wannan, malamar kika fara samu ko iyayen yaron? Don Allah ki kira ni bayan isha'i.

Sagir:
Malam Ɗanladi, ba ka sa maganar Akihito a cikin abin da aka tsayar ba.