Ƙwayar ƙarin jini ga mai ciki: kullum ko a riƙa tsallake kwana?

Dakta Hadiza: Magana ta yaɗu cewa ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki a wurin awo ta fi aiki idan ta sha yau ta tsallake gobe. Har wasu sun fara rage wa kansu magani ba tare da an duba jininsu ba. Maganar tana da tushe, amma a ganina an kai ta inda ba muhallinta ba.

Malam Nasiru: Likita, tushen nata ba ƙarami ba ne. Hanta tana fitar da wani sinadari, hefsidin, aikinsa rufe ƙofar da ayon, wato sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, ke bi daga hanji zuwa jini. Da zarar an sha ayon miligiram 60 ko fiye, sai hefsidin ya tashi, ya kai kusan awa 24 bai sauka ba. Ƙwayar da ta zo a cikin wannan tsakani rabin ƙofa take samu. A 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan: masu tsallake kwana jikinsu ya ɗauki kusan kashi 22 cikin ɗari na ayon ɗin da suka sha, masu sha kullum kusan kashi 16. Wanda bai shiga ba a hanji yake zama, shi ke kawo tashin zuciya da taurin bayan gida.

Sista Rabi: Malam, a kan su wa aka yi binciken? Mata 40 ne marasa ciki. Kuma ƙwaya 14 kowa ta sha, masu kullum a kwana 14, masu tsallake a kwana 28. Mu yi lissafi da alƙalumanka. Kashi 16 na miligiram 60 ya kusa 10, a kwana biyu kusan 20 ke nan. Kashi 22 na ƙwaya ɗaya tak a kwana biyun nan 13 ne. Wa ya fi samu? Mai ciki ba ta da lokacin jira, ranar haihuwa na tafe. Cikin gaba ɗaya yana cin ayon kusan miligiram 1,000, mafi yawa a watanni uku na ƙarshe. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kayar da ita.

Dakta Hadiza: Ƙari a kan haka, daga tsakiyar ciki jiki da kansa yake danne hefsidin don ya buɗe wa ayon hanya. Matsalar da tsallaken ke son magancewa ta riga ta ragu. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga kowace mai ciki ita ce ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 a kullum.

Malam Nasiru: Na yarda da lissafin Sista, amma lissafi ne na ƙwayar da aka haɗiye. Wadda aka rubuta wa sau uku a rana, cikinta ya ɗaure, ta ajiye kwalbar a sati na biyu, nawa ta samu? Sifiri. Nan ne nake tsaye: sau biyu da sau uku a rana ya kamata a daina. Ƙwayar ƙarin jini ta feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon 65, guda ɗaya da safe ta isa. Ƙungiyar likitocin jini ta Birtaniya ma miligiram 40 zuwa 80 sau ɗaya da safe ta ce.

Sista Rabi: Ai Hukumar Lafiyar cewa ta yi idan an tabbatar da ƙarancin jini a ɗaga zuwa 120 a kullum har jinin ya koma daidai.

Malam Nasiru: Haka ne, kuma a wannan ne ni na fi karkata ga na Birtaniya.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri, kuna ta jayayya a kan yawa, ba wanda ya ambaci gwaji. Himogulobin, wato sinadarin da ake aunawa a gwajin yawan jini, ƙasa da giram 11 shi ne ƙarancin jini ga mai ciki, a watanni uku na tsakiya kuwa ƙasa da 10.5. Gwajin feritin ƙasa da 30 yana nuna ajiyar ayon a jiki ta yi ƙasa, sai dai zazzaɓi ko kumburi na ɗaga shi ya ɓoye gaskiya. Duk tsarin da aka zaɓa, a sake auna jini bayan sati biyu zuwa huɗu. Idan bai motsa ba, kafin a ƙara ƙwaya a tambayi yadda take sha. Da shayi ko madara? Tare da ƙwayar kalsiyam ko maganin ƙwannafi? Duk suna tare ayon, a ba su tazarar awa biyu. Mafi kyau da ruwa, awa ɗaya kafin karin kumallo. Sannan a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Mai sikila kuwa kada a ba ta ayon sai gwaji ya nuna tana buƙata, domin nata ƙarancin jinin ba lallai daga rashin ayon ba ne.

Dakta Hadiza: Hajiya ta kawo mu kan hanya. Ga matsayina: a fara da ɗaya a kullum. Idan illar ta yi yawa har tana neman dainawa, a koma tsallake kwana, gara haka da babu. Baƙin bayan gida ba illa ba ce, a faɗa mata tun ranar farko kada ta tsorata. Idan jinin ya yi ƙasa sosai, ko ciki ya kai sati 34 lokaci ya ƙure, ayon ta jijiya ake tunani, kuma ba a ba da shi a watanni uku na farko.

Sista Rabi: Saura abu ɗaya, Likita. Sau da yawa ayon da folik asid a ƙwaya ɗaya suke. Wadda ta tsallake kwana ta tsallake folik asid ke nan, kuma shi ne ke kare lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa a makonnin farko. Duk wadda aka mayar tsarin tsallake, musamman kafin sati 12, a rubuta mata folik asid daban ta sha kullum.

Malam Nasiru: Wannan ba ni da ja. A kuma gaya mata kada ta daina don jini ya dawo daidai: wata uku za ta ƙara, kuma aƙalla sati shida bayan haihuwa, kafin ajiyar ta cika.