Gyaran tsohon wasan MUD ko gina sabo daga tushe?

Sabon_Magini:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar wasannin rubutu na intanet, wato MUD, inda mutane da yawa ke shiga duniya guda suna rubuta umarni, saba (wato kwamfutar da wasan ke gudana a kanta) kuma tana mayar musu da bayanin abin da ya faru. Na iya yaren rubuta manhaja na C daidai gwargwado, amma na fi sakewa a Python, kuma lokacin da nake da shi bai wuce na maraice da ƙarshen mako ba. Burina shi ne wasan da sana'a da fatauci za su fi yaƙi muhimmanci a cikinsa. Shin ya fi dacewa in shiga wani wasa da ke raye in taimaka, ko in ɗauki tsohon tushe, wato kod ɗin manhajar wasa da wasu suka riga suka rubuta, irin tbaMUD in gyara, ko kuwa in fara nawa daga farko?

Dattijon_Telnet:

Wa alaikumus salam, Malam Sabon_Magini. Shawarata ita ce ka shiga wasan da ke raye, domin abin da ya yi ƙaranci a wannan harka 'yan wasa ne, manhajoji kuwa sun yi yawa. Duk wanda ya buɗe sabon MUD zai gamu da matsala guda: baƙo ya shigo, ya rubuta umarnin da ke nuna waɗanda ke ciki, ya ga sunansa kaɗai, ya fita bai sake dawowa ba. Wasanni irin Discworld MUD da aka kafa a 1991, ko Aardwolf na 1996, sun daɗe ne saboda jama'ar da ta taru a cikinsu ta saba da juna, kuma wannan ba abu ne da ake rubutawa da C ko Python ba.

Ka kuma duba yadda harkar ta taso. Bayan da aka saki DikuMUD a 1991 daga Jami'ar Kofanhagan, daga gare shi Merc ya fito, daga Merc aka sami ROM da SMAUG, Jeremy Elson kuma ya fitar da CircleMUD daga DikuMUD ɗin a 1993, wanda tbaMUD ɗin da ka ambata ya gada. Kowane ɗaya daga waɗannan rassa gyara ne a kan aikin wani. Abin da ke cikin tsohon tushe wanda ido ba ya gani a karatun farko shi ne maganin matsalolin da mutane suka sha wuya a kansu shekara da shekaru: abin da zai faru idan layin ɗan wasa ya yanke ana tsakiyar yaƙi, yadda za a hana mutum ninka kayansa ta hanyar miƙa wa abokinsa gab da faɗuwar saba, da kayan aikin da magina ke ƙera ɗakuna da su daga cikin wasan ba tare da sun taɓa kod ba. Mai farawa daga fari sai ya sake cin karo da su ɗaya bayan ɗaya.

Mai_Saƙa:

Ina girmama maganar Dattijo, amma ina ganin bai yi la'akari da burin mai tambaya ba. Zuriyar Diku an gina ta ne a kan zato guda, cewa ɗan wasa zai kashe dodo, ya kwashe zinariya da kaya, ya hau mataki, bayan ɗan lokaci kuma yankin ya sake cika da dodanni ɗauke da wata zinariyar. A irin wannan tsari kuɗi na ɓuɓɓugowa ba iyaka, saboda haka takobin da maƙeri ya ɓata lokaci yana ƙerawa ba zai yi daraja ba muddin dodo na yar da wanda ya fi shi kyauta. Wanda ke son fatauci ya zama ginshiƙin wasa dole ya taɓa tsarin yaƙi, da sabunta yankuna, da shaguna, da yadda ake ajiye kaya, kuma idan ya gama zai tarar ya rushe gidan ne ya bar harsashi kawai.

Akwai kuma tsufan kod ɗin kansa. Da yawa daga cikin waɗannan tushe suna ajiye bayanai a fayilolin rubutu masu tsari na musamman, kuma wasunsu suna zubar da duk harafin da ba ya cikin ASCII (tsarin haruffan Turanci na kwamfuta) tun a bakin shiga, ta yadda ƙ da ɗ da ɓ ba za su wuce ba sai an yi musu aiki. Batun lasisi ma abin dubawa ne, domin tsohon lasisin Diku ya hana cin riba da wasan, kuma kowane reshe ya ɗora nasa sharuɗɗan a kai, don haka a karanta su kafin a zuba wahala.

Shiga wasan wani kuwa yana da nasa tsada. Mai wasan ne ke da magana ta ƙarshe, tsofaffin 'yan wasa kuma ba sa son a taɓa tsarin da suka tara dukiyarsu a kansa. Sababbin salo a tarihin harkar nan daga sabon rubutu suka zo: Jim Aspnes ya rubuta TinyMUD a 1989 ya mayar da hankali kan hira da gini maimakon yaƙi, daga wannan layin kuma nau'o'in wasa na MUSH da MOO suka fito.

Sai dai ban ce ka rubuta komai da hannunka ba, ɗan'uwa. Evennia, wani tushen gina MUD da aka rubuta da Python a kan manhajojin Django da Twisted, ya ɗauke maka haɗin telnet (hanyar da ɗan wasa ke haɗuwa da saba ta rubutu), da rumbun bayanai, da shiga ta burauza, bai kuma tilasta maka wata dokar wasa ba. Illarsa ita ce za ka same shi kusan fanko, babu tsarin yaƙi ko na ciniki da aka kammala, sai 'yan misalai da za ka ɗora a kai.

Bawan_LPC:

Ba a ambaci dangin LPMud ba, wanda Lars Pensjö ya fara a 1989. A can an raba injin da dokokin wasa, ana rubuta dokokin da yaren LPC, kuma ana iya sauya ɗaki ko kaya wasan na gudana ba tare da an kashe saba ba. Injinan wannan dangi irin FluffOS da LDMud suna nan ana kula da su. Ko wace hanya ka bi, ka tuna cewa makafi masu amfani da manhajar karanta allo suna cikin 'yan wasan MUD na ƙwarai, don haka taswirar da aka zana da alamomi ta zama abin da za a iya kashewa.

Sabon_Magini:

Na gode ƙwarai. Hujjar Malama Mai_Saƙa kan zinariyar dodanni ta shige ni, amma maganar wasa marar kowa ita ma ta tsaya mini a rai. Ta yaya ake gwada tsarin fatauci alhali babu masu saye da sayarwa?

Dattijon_Telnet:

Ba a gwada shi da duniya mai faɗi. Ka gina gari guda mai ɗakuna kaɗan da sana'o'i biyu ko uku da suka dogara da juna, ka sa ranar da za a riƙa haɗuwa a mako, domin mutanen da ka gayyata su tarar da juna a ciki. Kafin nan kuma ina nan a kan bakata ta wani ɓangare: ka nemi aikin magini a wani wasa mai rai na ɗan lokaci, ka ga yadda 'yan wasa ke gano kafar da za su ci riba da ita a kowane sabon shago, domin irin waɗannan mutanen ne za su fara gwada kasuwarka.