Wanda ka sani a waya zai tsaya maka a Abuja?

Kawu Bala: Salamu alaikum. Na ga abin da Usman ya turo jiya, cewa matashin da ba ya LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya cuci kansa, domin yanzu a can ake samun aiki. Ban yarda ba. A Sakatariyar Tarayya na yi aiki har na yi ritaya, ban taɓa ganin an ɗauki mutum saboda yawan mabiyansa ba. Garin nan kowa baƙo ne. Mai tsaya maka shi ne wanda ya san gidanku, kuke haɗa sahu a masallaci, ka bi shi har Zariya gaisuwar rasuwa.

Usman: Wa alaikumus salam, Kawu, Allah ya ƙara girma. Yaron da ke Mararaba, mahaifinsa ɗan tireda, gidan wa ya sani a Maitama? Abin da kake kira zumunci shi ne yake komawa alfarma. Ai don kada wasu su mamaye guraben aikin gwamnati aka kafa Hukumar Daidaito ta Tarayya (Federal Character Commission) a 1996, kuma maganar tana nan a sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999.

Nafisa: Kawu, ni kuma ina zan zauna? Majalisar bayan isha'i da ake jin labarin aiki a cikinta ta maza ce. Aikin da nake yi yanzu a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na jami'a na gan shi, kuma wadda ta turo ko gaisawa sosai ba ma yi a makaranta.

Malam Hadi: Abin da Nafisa ta faɗa an daɗe da bincike a kansa. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya yi rubutu a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun wanda kuke gaisawa jefi-jefi, ba amininka ba. Dalilin a fili yake: abin da amininka ya ji kai ma ka ji, tunda wurin zamanku ɗaya. Wancan na nesa shi ke shiga inda ba ka shiga. Tun kafin intanet ke nan, waya yawan irin waɗannan mutane kawai ta ƙara.

Anti Rabi: Ni da ke tantance masu neman aiki a wani kamfani a Wuse, bari in faɗa muku abin da ke damuna. Kullum sai na tarar da saƙo: "Anti, a taimaka min da aiki." Wane aiki? Me ka iya? Shiru. Idan na kai sunanka gaban oga, mutuncina na ajiye. Ɗan 'yar'uwata ma ba na kai shi sai na ga aikin hannunsa. Ga kuma 'yan damfara masu sayar da gurbin aiki a Facebook, sun raba yara da kuɗin iyayensu.

Kawu Bala: To ai maganata ke nan, Rabi. Shaida. Alfarma daban, shaida daban, Usman. Ban taɓa sa hannu ga wanda ban san halinsa ba, kuma hali ba a hoto ake ganinsa ba.

Usman: Amma Anti cewa ta yi aikin hannu, Kawu, ba asalin gida ba. Mai zane ko mai haɗa manhaja zai iya nuna aikinsa daga Kubwa a gani a Legas.

Kawu Bala: Aiki ka nuna. Riƙon amana fa?

Nafisa: Wata shida na gwaji suka ba ni, Kawu. A nan suka ga amanar, kuma har yau babu wanda ya tambayi sunan unguwarmu.