Mura ce ke rikita bugun zuciya, ko gado ne?

Ɗalibin likitanci: Salamu alaikum. Ana ta cewa mura mai tsanani ko Korona ba sa rikita bugun zuciya sai ga wanda ya gaji matsalar. Gaskiya ne?

Masanin ƙwayoyin gado: Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya. Duba cutar Brugada, cutar gado mai rikita bugun zuciya, wadda aka bayyana a 1992. Ƙwayar gado SCN5A ce ke ƙera ƙofar da sodiyam ke bi ya shiga tsokar zuciya. In ƙofar na da tawaya, zafin jiki na ƙara nakasa ta. Mutum na zaune lafiya, ECG ɗinsa (zanen lantarkin zuciya) garau, zazzaɓi na haura digiri 38 sai layin ST, wani sashe na zanen, ya ɗaga milimita 2 ko fiye a V1 da V2, wayoyin ECG da ake maƙalawa a ƙirji. Bairas ɗin bai ma taɓa zuciyar ba, zazzaɓin ne ya tona abin da ke ɓoye.

Likitar zuciya: Malam, ban musa ba, amma kalmar "sai" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Ko a masu Brugada, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ake samun tawayar SCN5A. Mafi yawan waɗanda bugunsu ke birkicewa a gadon asibiti dattawa ne masu hawan jini. Oksijin ya yi ƙasa, jiki ya ɗauki kumburi, amai da gudawa sun zubar da fotasiyam. Wani kuma bairas ɗin ne ya kumbura tsokar zuciyar kai tsaye. Duk wannan ba ya jiran gado.

Mai haɗa magunguna: Ku ƙara da hannunmu, wato magungunan da muke bayarwa. Azitiromaisin, eritiromaisin, kulorokwin, kwinin, duka suna toshe ƙofar fotasiyam ta hERG, su tsawaita QT, wato lokacin da lantarkin zuciya ke ɗauka a kowane bugu kafin ya koma daidai. A 2020 an yi ta haɗa haidirosikulorokwin da azitiromaisin wa masu Korona, abin da ya ƙara haɗarin ke nan.

Masanin ƙwayoyin gado: Nan ma gado na shigowa, Dakta, kuma ya shafe mu. Akwai sauyin S1103Y a SCN5A, wanda binciken 2002 ya samu a kusan kashi 13 na baƙaƙen Amurka, asalinsa kuwa Afirka ta Yamma. Shi kaɗai da wuya ya yi illa. Amma ya haɗu da ƙarancin fotasiyam da maganin da ke ja da QT, haɗari ya ƙaru.

Likitar zuciya: To ka ga, gado na ƙara haɗari, ba sharaɗi ba ne. Kuma kada a ɗauka gwajin gado ne mafita, tambaya da ECG sun fi saurin amfani. A tambayi majiyyaci: akwai wanda ya rasu farat ɗaya a gidanku kafin shekara 40, ko cikin barci? Ka taɓa suma kana zazzaɓi? In eh ne, a ɗauki ECG zazzaɓin na jiki, a ɗaga V1 da V2 zuwa tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, a sake bayan ya sauka.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma a ba da farasitamol da wuri, kada a jira gumi. In QTc, wato QT da aka daidaita da saurin bugu, ya kai milisakan 500, a tsayar da maganin da ke ja da QT, a sanar da likita, a ɗaga fotasiyam sama da 4, magnesiyam giram 2 na kusa.

Ɗalibin likitanci: In bugun ya yi sauri fa, lissafin Bazett da ake fitar da QTc da shi ba zai ƙara lambar ba?

Likitar zuciya: Zai ƙara. Da bugu ya wuce 90 a minti, koma lissafin Fridericia, kuma ka auna da hannu a layin II ko V5 na ECG, kada ka dogara da lambar da na'urar ta buga.