Albashin Janairu ya shigo, wa ya ga bambanci da sabuwar dokar haraji?

Akawu ɗan gidan gado

Salamu alaikum jama'a. Tun kafin shekara ta ƙare ake ta kururuwar dokar harajin nan, wasu su ce an gama da talaka wasu su ce ai sauƙi ne ya zo, to ga shi ta fara aiki tun 1 ga Janairun 2026 kuma albashi ya shigo. Shi ya sa na ce bari kowa ya faɗi abin da ya gani a aljihunsa, ba abin da ya ji a odiyon WhatsApp ba.

Ni zan fara. Albashina dubu 150 ne kafin a yi cire-cire. Na ɗauko takardar albashin Disamba da ta Janairu na jera su a kan tabarma bayan isha'i, uwargida na riƙe min tocilar waya don an ɗauke wuta. A da harajin da ake cire min dubu 11 da 'yan kai ne, yanzu ya koma dubu 10 da ɗari bakwai. Wato duk wannan rigimar da aka shekara ana yi, ni rabona ɗari huɗu da wani abu, ko kuɗin adaidaita zuwa ofis da dawowa bai kai ba. Sai uwargida ta ce to ka ba ni in sayi magi da shi.

Da na tambayi wani abokin aiki da ke ɓangaren albashi ya ce lissafin haka yake, dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kai, abin da ya hau kai har zuwa miliyan uku kashi 15 cikin ɗari, amma kuma an soke wancan rangwamen da ake yi wa kowa a da an maye shi da na kuɗin haya, kashi 20 na hayar da kake biya a shekara amma rangwamen ba zai haura dubu 500 ba. Ni kuwa a gidan gado nake zaune, ɗaki biyu aka yanka min bayan rasuwar Baba, ba na biyan haya, shi ke nan wannan ya wuce ni. Ku fa?

Malama Firamare

Wa alaikumus salam Malam Akawu. Kai ai ka ma ga takardar albashi, mu alat kawai muke gani. Ni dai ba a cire min haraji yanzu tunda nawa bai taka kara ya karya ba, amma wlh ba harajin ne damuwata ba. Tun Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi dubu 70, mu malaman ƙaramar hukuma sai da muka yi watanni muna jira, da aka zo yi kuma aka yi shi yadda aka ga dama, wacce ta shekara 18 tana koyarwa da wacce aka ɗauka bara bambancinsu bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba. Kuma a watan ne Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna har da su guɗa a ofishin malamai, to ajin da nake koyarwa har gobe yara 90 da wani abu ne a ƙasa, alli ma da kuɗina nake saya wani lokacin.

Mai POS bakin tasha

Hhhh ni ku tsaya ku ji nawa. Satin ƙarshe na Disamba ban taɓa ganin cirar kuɗi irin wannan ba tun lokacin canjin kuɗi na 2023. Kowa ya zo sai ya ce a kwashe masa duk abin da ke akawun ɗinsa wai daga ranar ɗaya ga wata gwamnati za ta riƙa cire kaso a duk taransifa. Wani dattijo mai sayar da awaki ya cire dubu 640 ya ɗaure a ƙullin wando, na ce Baba wannan maganar fa ba haka take ba, ya ce yaro kai dai ƙirgo min. Bayan sati biyu ya dawo da kuɗin a mayar masa don tsoron ɓarayi, ya biya cajin cira ya biya na sakawa, ni dai na ci riba sau biyu Allah ya yafe min.

Abin da na gani da gaske shi ne naira 50 ɗin nan da ake cirewa in kuɗi ya kai dubu 10, da mai karɓa ake cire wa yanzu mai turawa ne ke biya. Shi ke nan fa. Amma har yau akwai masu cewa in rubuta musu "kyauta" ko "bashi" a wajen bayanin taransifa, har wanda ya sayi buhun siminti sai ya ce in rubuta gudummawar biki.

Hajiya mai turaren wuta

Ni ma ina cikin masu rubuta kyautar nan, kar ka tona mana asiri. Gsky tsoro ne ya kama ni don duk cinikina ta waya ne, kuɗi su shigo su fita, wanda ya ga akawun ɗina zai ɗauka wata hamshaƙiya ce alhali rabin kuɗin na masu kawo min kaya ne daga Maiduguri. Ƙanina da ya karanci akanta ya ce min haraji a kan riba yake ba a kan duk abin da ya shiga akawun ba, amma in sayi littafi in riƙa rubuta abin da na saya da abin da na sayar. Na sayi littafin, shafi uku na cika na gaji.

Ɗan hatsi

Malam Akawu da Hajiya ku kuna maganar harajin da aka rubuta a takarda, mu namu a kan titi yake kuma ba ya jiran Janairu. Ina loda masara da dawa daga kasuwannin ƙauye in kawo Dawanau, wani lokacin in tura kudu. Tun daga inda aka ɗora buhu a mota ake fara biya, kuɗin buhu daban, kuɗin lodi daban, na ƙungiya daban, ka fito ƙofar kasuwa wani ya tare ka da rasit ɗin ƙaramar hukuma, ka yi tafiyar da ba ta kai minti 20 ba ka shiga wata ƙaramar hukumar su ma ga nasu katakon mai ƙusoshi a tsakiyar hanya. Tafiyar da na yi kudu ta ƙarshe direba ya tara min rasit a ledar burodi, na zauna na ƙirga guda 23, wasu ko hatimi babu, ɗaya ma kwanan watan bara ne a jiki an soke da biro an gyara. Ban da waɗanda ba sa ba da rasit ɗin sam, miƙa kawai za ka yi ta taga.

Na ji Taiwo Oyedele da kwamitinsa na gyaran haraji suna cewa za a rage yawan harajin nan barkatai a dunƙule su, kuma an ce babu VAT, wato harajin sayen kaya, a kan kayan abinci. Madalla. Amma yaron da ke riƙe da katakon nan bai san wata doka ba, shi an ce masa ya kawo kaza kullum ne, abin da ya hau kai nasa. Kuma duk kuɗin nan a kan mudu nake mayar da shi, Malama ce ke biya a ƙarshe ba ni ba.

Manomi daga Giwa

Ɗan hatsi ai gara kai kana da inda za ka mayar. Mu fa? Taki muka saya da tsada a daminar 2025, kaka ta yi masara ta faɗi warwas, sai ka sayar da buhu biyu ba ka mayar da kuɗin buhun taki ɗaya da sauran wahala ba. Masu albashi suna murna abinci ya sauko, ba na jin haushinsu wlh, amma ni bana rabin gonar zan noma, sauran in zuba waken suya da ba ya cin taki sosai.

Ɗan jarida mai ritaya

Bari in ɗan sa baki kan maganar jihohi tunda Malama ta taɓo ta. Mun manta da sauri. A Oktoban 2024 da aka kai ƙudurorin harajin nan huɗu majalisa, gwamnonin Arewa da sarakuna sun zauna a Kaduna suka ce ba su yarda ba, Gwamna Zulum ma ya fito ya yi magana da kakkausar murya. Abin da ya tada hankali shi ne rabon VAT, an so kashi 60 na rabon jihohi ya bi inda kuɗin ya fito, an kuma so a ɗaga VAT ɗin daga 7.5 a hankali har ya kai 15 a 2030. Da aka ja aka ja, VAT ya tsaya a 7.5, rabon jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, na tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10, tsakanin jihohin kuma rabi a raba daidai, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Daga nan gwamnoni suka yi tsit.

Abin da ke ba ni mamaki, duk faɗan nan kan yadda za a raba kuɗin aka yi shi, ban ji an yi rabin wannan hayaniyar kan inda ake kai shi bayan an raba ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata a Abuja ya yi sama sosai, a 2025 akwai watan da ya haura tiriliyan biyu. Ni kuma giratutina na bin jiha shekara huɗu kenan, duk lokacin da na je sai a ce ana tantancewa, fayil ɗina har ya canza launi.

Akawu ɗan gidan gado

Baba Allah ya sa a biya ku. Amma in za a yi adalci naira ta faɗi ita ma, tiriliyan biyun yanzu ba ta da ba ce, kwangilar da ake yi da miliyan ɗari yanzu sai ɗari uku.

Ɗan jarida mai ritaya

Haka ne ɗana, to giratutin nawa ma ai ya faɗi tare da ita, su ba su ƙara min ko kwabo a kai ba. Lokacin da na ajiye aiki kuɗin zai saya min fili da ɗan gini, yanzu ko filin sai a bayan gari can.

Kaka na Fagge

Jikana ne ke rubuta min. Ku yara ba ku ga haraji ba. Mu mun ga lokacin da mai unguwa zai zo da dogari ƙofar gida, wanda bai biya ba a zaunar da shi a rana, mutane na gudu ci-rani saboda shi, Fulani kuma ana bin su da jangali ana ƙirga shanu. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, ranar kamar sallah. Shi ya sa in aka ce haraji gaban mutanenmu ke faɗuwa, ba jahilci ba ne. Amma fa a lokacin in ka je asibitin gwamnati ana ba ka magani.

Mai adaidaita

Kaka mu har yanzu ana zaunar da mu a rana ai, sai dai ba dogari ba ne. Kullum da safe sai na yanki tikiti kafin in ɗau fasinja ko ɗaya, ranar da na manta aka kama ni aka cire min makulli na wuni a ofishinsu, balas ɗin mai mashin kuma bai san da wannan ba, da yamma sai na cika masa. Man da nake sha ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi sai da ya haura dubu a ƙarshen 2024, ya ɗan sauko amma fasinja ba su da kuɗin, mutum zai tsaya yana ciniki da kai kan naira 50. Ni in za su karɓi tikitin su cike ramin da ke hanyar unguwarmu wanda ya karya min shokoba sau biyu bana, wlh ba zan yi ƙorafi ba.

Hajiya mai turaren wuta

Malam Akawu tambaya, wannan rangwamen hayar su masu shago ma ya shafe su ko na gidan kwana ne kawai? Kuma maigidana yana biyan haya amma mai gidan bai taɓa ba mu rasit ba, hannu da hannu ake ba shi tun shekara tara.

Akawu ɗan gidan gado

Na gidan da mutum yake zaune ne Hajiya, kuma a ofishinmu sai ka kawo shaida kafin su saka maka. Ku lallaɓa mai gidan ya rubuta muku ko a takardar makaranta ce ya sa hannu. Wani abokin aikina ya je neman rasit ɗin, mai gidan ya ce au so kake ka kai sunana wajen 'yan haraji, ya ƙara masa dubu 50 a hayar bana.